Nasiha Ga Malamai Da Fatake A Kan Ɗakin Karatu Na Jama'a

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata takarda ce da wani tsohon almajirina ya kawo mini. Yaron nan a hannuna ya sauke Alƙur'ani, yanzu yana da rumfar yadi a kasuwa. Ran nan bayan sallar La'asar ya zo gaishe ni, ya durƙusa, ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da a ke rabawa a laburare, na ce bari in kawo ka gani." Laburare kuwa shi ne ɗakin karatu na jama'a wanda hukuma ta gina a garinmu, inda kowa ke iya shiga ya zauna ya duba littafi, ko ya ara ya kai gida.

Abu huɗu ke cikin takardar. Na farko sunayen littattafan da suka zaɓa wa jama'a a wannan wata. Na biyu fina-finan da za su nuna. Na uku tarurrukan da suka shirya, kamar gasar karatu ta yara da koyar da kwamfuta. Na huɗu roƙo ne, cewa duk mai tsohuwar takarda ko tsohon hoto ko labari da ya shafi tarihin gari, ya kawo a adana. Dukansu da boko da Turanci aka rubuta su. Na sa takardar ƙarƙashin buzu, na ce a raina wannan sha'anin 'yan boko ne. Amma abin nan na huɗu ya hana ni sakat, saboda wani abu da na gani da idona.

Damina uku ke nan da rasuwar wani dattijon malami maƙwabcinmu, Allah ya jiƙansa. Ina cikin waɗanda aka kira ranar rabon gado. Aka jawo adaka biyu daga ƙuryar ɗaki, waɗanda ba a buɗe su ba tun da idonsa ya raunana. Ta farko da aka ɗaga murfinta, sai ƙasar gara ta zubo. Gafaka tana nan kamar lafiya lau, in ka buɗe sai gari. Ta biyu ta tsira daga gara, amma ba ta tsira daga magada ba. Kun dai san littattafanmu na rubutun hannu ba ɗinka su a ke yi ba, warƙa-warƙa ne a tsakanin tadarishi. To, magada tara, kowa yana son albarkar mahaifinsa, ba wanda ya yarda a yi wa littafi kima a bar wa mutum ɗaya. Wannan ya ɗibi rabin Risala, wancan ya ɗibi sauran. Muka yi nasiha iyakar iyawarmu, ba a ji ba. A cikin takardun na ga wata wasiƙa ta kakansu, ya rubuto daga Gwanja a kan bashin goro, da wata takarda mai ɗauke da sunayen limaman unguwarmu bi da bi har mutum goma sha ɗaya. Bayan wata shida na koma neman takardar limaman nan don in kwafa, aka ce yara sun yi wasa da ita. Yau ba mai iya kawo sunayen nan a jere, har ni da na riƙe ta a hannuna.

Saboda haka ranar wata Alhamis, da ya ke ba karatu, na sa rigata na tafi laburaren nan. Wani saurayi mai ladabi da ke kula da wurin ya tarye ni, ya zaga da ni. Na ga kanta-kanta na littattafan likita da na shari'ar boko da na lissafi, ga jaridu, ga samari da 'yan mata kowa ya duƙufa, ba ka jin ko tari. Na yi sha'awar natsuwar wurin ƙwarai. Sa'an nan na ce ya nuna mini inda tarihin garinmu ya ke. Ya kai ni gaban wani kabad, a ciki akwai littattafai kaɗan na Turawa, da wasu rubuce-rubucen ɗaliban jami'a, da hotunan hawan salla. Ban ga warƙa ɗaya ta Larabci ko ta ajami da hannun mutumin garin nan ya rubuta ba. Na ce, "Ɗana, ashe garin nan ba a yi malamai ba kafin zuwan Bature?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an yi. Ba a kawo mana ba ne." Na fita da niyyar in kama su da laifi, na komo gida da laifin a wuyanmu.

Ya 'yan'uwa, mu tuna yadda littafi ya zo ƙasar nan. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Wangarawa sun iso a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. A zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo daga Malle da littattafan tauhidi da na lugga, alhali kafin nan abin da ke hannun malamai bayan Alƙur'ani shi ne fiƙihu da hadisi. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya sauka Kano ya rubuta wa sarki nasiha a kan mulki. Ku duba, mai rubuta tarihin nan ya lissafa zuwan littattafai kamar yadda ya lissafa yaƙe-yaƙe, domin a wurinsa shigowar littafi gari babban al'amari ne. Takardar da kakanninmu suka yi rubutu a kanta ma, mai alamar jinjirin wata uku, a ƙasar Italiya a ke yin ta, fatake ke ɗauko ta daga Tarabulus su keto Sahara da ita. Ashe tun asali malami da falke tare su ke riƙe da littafi.

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, littattafansa na cikin abin da aka ɗora wa raƙuma. Duk da tsananin kulawar gidan nan, ba su tsira daga hasara ba. Baturen Birtaniya mai suna Kilafaton, wanda ya koma Sakkwato a 1826 ya mutu can a 1827, ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin Uƙlidisu na ilmin handasa da Larabci. Bello ya yi murna, ya gaya masa cewa dā suna da kwafinsa da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. To, in wuta ta ci littafi a gidan Sarkin Musulmi, ina zancen ɗakin ƙasa irin nawa da naka?

Ga kuma wani darasi na kusa. Alhaji Umaru Falke na Kano, malami ne kuma falke kamar yadda sunansa ya nuna, ya rasu a 1962. Littattafansa da takardunsa, fiye da 3,000, yanzu suna wata jami'a kusa da birnin Shikago a Amurka, an lissafa su ɗaya-ɗaya, an adana. Haka Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano, wanda ya zauna Karaci a ƙasar Gana ya rasu a 1934, yawancin abin da ya rubuta da ajami a kan tarihi da al'adun Hausawa wani Bajamushe ne ya roƙe shi ya rubuta. Ban ga abin zargin waɗanda suka adana ba, har ma sun cancanci godiya. Abin kunyar namu ne, a ce jikan falke sai ya nemi biza kafin ya ga hannun kakansa. Ba kuwa rashin wuraren ajiya ne a ƙasarmu ba. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, akwai ma'adanar takardu ta ƙasa a nan Kaduna, akwai gidan tarihi a Sakkwato mai sunan Waziri Junaidu. Amma waɗannan suna da nisa ga mai makarantar allo. Laburaren gari shi ne a ƙofar gida.

Na san abin da wasu malamai za su ce, domin ni ma na faɗa a raina.

In wani ya ce, ilmi daga bakin malami a ke ɗaukarsa, wanda takarda ce malaminsa kurensa ya fi daidansa yawa, sai mu ce gaskiya ne. Ba wanda zai fahimci Muhtasar ko Alfiya don ya zauna a kujera shi kaɗai. Amma malamin da zai karantar, da me zai karantar in gara ta ci littafin? Ajiye littafi dabam, karantar da shi dabam, kuma na biyu ba ya tsayuwa sai da na farko.

In wani ya ce, in na ba da littafin gidanmu na rabu da shi ke nan, sai mu ce shari'a ta riga ta ba mu mafita. A mazhabarmu ta Malikiyya ya halatta a yi waƙafin littafi, kuma ba sharaɗi ba ne waƙafi ya zama na har abada, yana yiwuwa a yanka masa ajali. Mai waƙafi kuma yana da ikon sa sharuɗɗansa. Ibnu Haldun ya yi waƙafin littafinsa na tarihi ga masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas a 1396, da sharaɗin kada a ara wa kowa sai amintacce, da jingina, kuma kada ya wuce wata biyu. Yau fiye da shekara 600 wani sashe na kwafin nan yana nan. Ban da wannan ma, zamani ya kawo sauƙi: ana iya ɗaukar hoton kowace warƙa a gabanka, a mayar maka da littafinka a gafakarsa ka tafi da shi. Kundin asirai kuwa, wanda malaminka ya ba ka da amana, ba wanda ya ce ka kawo shi. Riƙe abinka. Abin da a ke nema shi ne wasiƙu, da salsalar malamai, da waƙoƙin wa'azi, da takardun ciniki da na gonaki, da littattafan karatu masu ta'aliƙin kakanni a gefe.

In wani ya ce, tara littattafai wuri ɗaya shi ne haɗari, ya kawo hujja da Tambutu, sai mu ce ya kawo hujja mai ƙarfi. A watan Janairu na 2013 masu ɗauke da makamai sun ƙone ko sun salwantar da kimanin littattafai 4,000 a cibiyar da ke ɗauke da sunan Shaihu Ahmad Baba. Shi kansa Ahmad Baba, bayan rundunar Maroko ta ci Tambutu a 1591, an washe littattafansa 1,600. Amma mu kai ƙarshen labarin. Mafi yawan littattafan Tambutu sun tsira, domin masu su sun riga sun san abin da ke hannunsu, sun san juna, suka zuba su a akwatuna, wasu a mota wasu a kwale-kwale, har Bamako. Darasin da na ɗauka shi ne kada littafi ya zama kwafi ɗaya tak a duniya. Asali ya zauna a gida, hoto a laburare, wani hoton a Kaduna ko Sakkwato. Haka magabata su ke yi da alƙalami, shi ya sa littattafan Shehu Abdullahi suka kai Adamawa da Ilori.

Yanzu kuma ga maganata ga masu kula da laburare, domin su ma akwai nasu.

Zaɓar wa mutane littafi amana ce, kamar dillanci. Dillalin kirki ba ya yabon kayan da bai kwance ya duba ba, kuma yana sanin mai sayensa. A cikin littattafan da kuka zaɓa na wannan wata ban ga ko ɗaya da ɗan kasuwa mai karatun allo zai iya buɗewa ba. Ku sa Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da Tazyinul Waraƙati na Shehu Abdullahi, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Ku sa Risala, ku yi nuni ga babin ciniki domin 'yan kasuwa. Ku sa Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam domin yara. Sa'an nan ku rubuta takardar sanarwarku da ajami a bayanta. Tun 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, amma ba a cire shi daga kan mutane ba. A kasuwar garin nan akwai masu rubuta bashinsu da shi har gobe. Wanda ka kira da rubutun da bai iya ba, ba ka kira shi ba.

Batun fim kuwa, malamai sun yi saɓani a kan hoto tun da daɗewa, ni kuma ban kai in yanke hukunci a tsakaninsu ba. Abin da na sani shi ne yaranmu suna kallo, da izininmu ko ba da shi ba, a wayar da ke aljihunsu. Iyayenmu sun ba mu labarin majigi, yadda a ke kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da dare a nuna Baban Larai don koya wa manoma gyaran auduga, hakimi da liman suna zaune. Saboda haka in za a nuna, a zaɓi mai amfani. Akwai fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin malami ne da ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa, yadda aka sace shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ta faɗa bauta. Wannan fim shi ma ya ɓace shekaru da yawa, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Balin a 2018. Kun ga ashe ba takarda kaɗai ke ɓata ba. Sharaɗina uku ne: wani mai hankali ya kalla tukuna kafin a tara yara, a raba wurin zaman maza da mata, a tsaya in an kira salla. In an gama kuma wani masani ya tashi ya yi bayani, a yi tambayoyi.

Tarurrukanku kuma duk kun sa su ranar Asabar da hantsi, lokacin da almajiri ke kan allonsa, ɗan kasuwa ke rumfarsa. Hutun makarantar allo Alhamis ne da Juma'a. Ku ba mu safiyar Alhamis, ni zan kawo nawa almajiran. Ku kafa majalisi sau ɗaya a wata, a ɗauko tsoho ɗaya daga kowace unguwa, marini ko maƙeri ko mahauci ko tsohon direban da ya san hanyar Fatakwal, ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji daga iyayensa, a ɗauki muryarsa a rubuta. Kada a manta da tsofaffin mata, domin salsalar gidaje a bakinsu ta ke. Ku buɗe aji guda inda gardi zai koya wa ɗan jami'a karanta ajami, ɗan jami'a ya koya wa gardi boko. In ba a yi haka ba, ko an tara takardun, nan da shekara talatin ba mai karanta su.

Ku kuma alhazai, fatake da masu shaguna, ga rabonku. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah ya karɓa. Kabad na ƙarfe wanda gara ba ta ci, da na'urar ɗaukar hoton takarda, da albashin gardi ɗaya mai kyakkyawan hannu wanda zai zauna yana karanta warƙoƙi yana rubuta sunan kowane littafi da mai shi, duka ba su kai abin da wasunku ke kashewa a bikin 'ya ɗaya ba. Mutum goma su haɗa hannu, a rubuta takardar waƙafi a gaban alƙali da shaidu, a sa limamin gari cikin masu sa ido, domin kada wani ma'aikaci ya zo daga baya ya yi yadda ya ga dama. Ku kuma duba akwatunan iyayenku. Littafin bashi da wasiƙun abokan ciniki na Agadas da Kumasi da Fada Ngurma su ne tarihin kasuwancin ƙasar nan, ba kuwa wanda zai kawo su in ba ku ba.

Ni dai na fara da kaina. Alhamis ɗin da ta wuce na ɗauki Ishiriniya ta hannun kakana, da takardar ijazar mahaifina, na kai. Na zauna a gefen saurayin nan yana ɗaukar hoto warƙa-warƙa, ina gyara masa jeri, domin bai san cewa kalmar da ke ƙasan shafi ita ke nuna farkon shafi na gaba ba. Kafin azahar muka gama, na komo da abina. Da dare na kira 'ya'yana na gaya musu cewa bayan raina littattafaina ba a raba su warƙa-warƙa, na kuma rubuta haka na sa shaidu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da na ke roƙon kowane mai makaranta shi ne kaɗan: kafin damina ta sauka ya buɗe adakarsa, ya kakkaɓe, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya rubuta sunayen abin da ke ciki. In ya yi wannan kaɗai ya yi rabin aikin. In na yi kuskure a cikin abin da na faɗa, malamaina su gyara mini a wannan fili, zan karɓa da hannu biyu.

Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, ya amfanar da mu da abin da suka bari, ya sa albarka a karatu da kasuwa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalamu.